Goran da Aka Ba Ni Riƙo

Ni dai tun farko shekara ɗaya na so, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

Lokacin muna Nguru, saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Gidanmu na bayan tasha, kullum cikin kukan jirgi da ƙaurin bandar kifi muke. Har yau in na ji ƙaurin banda sai zuciyata ta koma can. Malam, wato mijina, yana koyarwa a makarantar gari. Ya riga ya yi digirinsa, abin da a wancan zamanin sai ka sha tafiya kafin ka ga mai shi. Sai aka ce ya je Ingila ya ƙaro karatu a kan halin ɗan Adam, aka ba shi zaɓi biyu. Ɗaya na shekara guda ne, a kan yadda yara ke ɗaukar karatu. Ɗayan shekara uku, a kan ciwon da ke taɓa hankali.

Ga ni da cikin fari. Na ce, "Malam, tunanin me kuma ake yi? Ɗauki gajeren, ka dawo ka tarar da ɗanka na rarrafe." Sai ya shafa gemu ya ce, "To, mu gani." Wannan "mu gani" tasa ita ke ƙona mini rai. Na bi shi da miyar kifi, na bi shi da fushi, har na ga ya fara saukowa.

Iya, mahaifiyarsa, ita ta ɓata mini shiri. Ta je kasuwa, alfahari ya ɗebe ta, ta shaida wa masu kifi ɗanta zai tafi koyon maganin masu taɓin hankali. Kasuwar Nguru kuwa, abin da aka faɗa da hantsi, kafin la'asar ya hau raƙumi ya yi arewa.

Ba a jima ba, wata safiya sai ga raƙumi gurfane a ƙofar gidanmu. Wani manomi ne daga Kumagannam da matarsa. Doguwa, siririya, ga goyo a bayanta. Na miƙa hannu zan karɓi yaron, sai na ga ashe goran ruwa ne ta goya. Mijin ya ce tun da jaririnta ya rasu da bazara ta ɗauki goran, kuma ba ta sake cewa uffan ba.

Malam ya ce, "Bawan Allah, ai ban ma tafi ba tukuna. Ko harafi ɗaya ban koya ba."

Mutumin ya ce, "Ba komai, Malam. Tana gidanka."

Haka ake yi a wajenmu. In ka kai mara lafiya gidan malami, can kake barinsa, ya ci abin da gidan ke ci, sai ya samu sauƙi ka zo ka ɗauka. Shi a ganinsa, wanda aka zaɓa ya koyi abu ya riga ya zama mai shi. Ya sauke mana buhun gero, ya koma gonarsa. Wa zai kori matar da aka ajiye masa a zaure?

Kai, na yi masifa ranar! Na ce da Iya, "To ga cinikin da kika yi mana a kasuwa nan." Ta yi kamar ba da ita nake ba.

Amma ɗawainiyar kaina ta faɗo. Ni ke kai mata ruwan wanka, ni ke yi mata kitso. Ba ta da fitina ko kaɗan. In ina daka sai ta ɗauki taɓarya ta taya ni, goran na bayanta, tana sassauta duka kada ta tashe shi. In kunu ya yi zafi sai ta hura, ta kai bakin goran, sannan ta sha. Malam kan dawo daga makaranta ya zauna nesa da ita, ya yi mata Hausa, ya yi mata Barbarci. Shiru. Ya shigo ɗaki ya ce, "Wallahi ban san ta inda ake farawa ba." Ban taɓa jin ya faɗi haka a kan komai ba.

Bayan girbi mijin ya dawo. Ya dube ta, ya ga yadda ya bar ta haka take. Bai yi ƙorafi ba. Ya ce, "Malam, in ka je ka dawo, za ka iya?" Sai Malam ya kalle ni.

Matar za ta hau raƙumi su koma gida sai ta tsaya. Ta kwance zanin goyon, ta dubi cikina, ta ɗora mini goran a hannu a hankali, har da tallafe masa kai. Hawaye ya zubo mini. Na ji tausayinta, na kuma ji tsoro, don ni ma wata biyu suka rage mini, ban san abin da Allah zai yi da nawa ba.

Ban jira ƙurarsu ta lafa ba na ce, "Malam, ɗauki mai tsawon, kafin in sake shawara."

Ya tafi. Ni kuma na koma gidan iyayena a Gashuwa na haihu, namiji. Can muka zauna bakin kogi, yaron ya yi rarrafe a kan tarun babana, ya fara tafiya yana bin agwagi. Goran na rataye a ɗakina, ban yarda an zuba masa ruwa ba. Duk abin da yaron ya yi sabo sai in ce da ma ubansa na nan.

Da lokaci ya yi muka dawo Nguru tarbarsa. Tun jajiberin zuwan jirgi raƙumin Kumagannam ke ɗaure a ƙofarmu, mutumin ya ƙirga daminarsa daidai. Malam ya shigo, ya rame, ya yi fari. Ya gaisa da su a zaure, na fito da goran na mayar wa matar, ta karɓa ta goya. Sannan ya durƙusa ya buɗe wa ɗansa hannu.

Yaron ya ɓuya a bayana, ya ja mini zani ya ce, "Inna, baƙon nan yaushe zai tafi?"