Layi huɗu da ban rubuta ba

Shekara bakwai na yi ina sakatariya a wata kwaleji a Madarumfa, kuma ordinatar, wato kwamfuta, guda ɗaya muke da ita, tsohuwa, kyautar wata ƙungiya. In ka ja suri, wato linzaminta, ka danna dosiyen da aka tara takardu a ciki sai ta sandare, ka je ka yi alwala ka dawo ba ta buɗe ba. Direkta ya sa aka kira wani mai gyara daga Maradi. Mutumin ya duba ya ce injin ne ya tsufa, babu abin da zai canza masa, amma akwai hanyar da ba ta gajiyar da shi. Ya buɗe wata baƙar taga wadda babu hoto ko ɗaya a cikinta, sai ɗan farin layi yana ƙyaftawa.

Ya ce in ɗauko kaye, littafin rubutu, in rubuta. In ina son sanin inda nake, pwd. In ina son ganin abin da ke wurin, ls. Shiga dosiye, cd da sunansa. Kwafa, cp. Ɗauke abu a kai shi wani wuri, mv. Ya ce rm kuwa in rubuta shi da jan biro, don abin da ya goge ba ya dawowa. Yana ɗaure jakarsa a bayan moto ya ƙara mini ɗaya, history, ya ce wannan yana tuna duk umarnin da aka buga. Na rubuta kowanne da misalinsa, na ajiye kayen a aljihun tebur.

Cikin wata guda hannuna ya saba. Amma tun ranar da direkta ya ga baƙar tagar nan bai sake shigowa buro, ɗakin aikina, ya wuce kai tsaye ba. Dattijo ne mai cin goro, mai yawan shiru, muna ce masa Mushe, wato Malam da Faransanci. Sai ya tsaya a bayana yana kallon allo.

"Madam, wannan da wa kike magana?"

"Da injin ne, Mushe. Ina gaya masa ya nuna mini takardu."

"To," in ji shi. Ya ɗan ƙara tsayawa kafin ya tafi.

Saura kwana biyar a fara jarabawar ƙarshen shekara na gama buga tambayoyin dukan azuzuwa, na tara su a dosiye ɗaya mai suna jarabawa. Ranar Litinin da safe na kunna inji na buga ls. Sunayen ɗalibai na nan, wasiƙu na nan, jarabawa babu. Na sake bugawa. Na duba pwd ko na ɓata hanya, ina inda ya kamata.

Ban gaya wa kowa ba. Mutum ɗaya ya faɗo mini a rai, malamin lissafi, wani ɗan Maradi mai fara'a wanda ke zuwa coci can kowace Lahadi ya dawo da yamma. Shi kaɗai ne a lakwal ɗin, wato makarantar tamu, ya san ordinatar ban da ni, kuma ranar Asabar ya karɓi makullin buro wai zai ɗauki alli. Bara an yi ta raɗe-raɗin cewa tambayoyin wani aji sun fita har yaran garin Ɗan Issa sun gan su kafin ranar. Na haɗa wannan da wancan na yanke masa hukunci a zuciyata. Da ya leƙo ya ce, "Ina kwana, Madam," na amsa ba tare da na ɗaga kai ba. Ya tambaya ko lafiya, na ce aiki ne. Washegari ya kawo mini soyayyen kifin bakin tabki a takarda kamar yadda yakan yi, na ce ina azumi, alhali ban yi ba.

Sai da rana ta yi tsaka ranar Talata na tuna da history. Na buga, jerin ya zubo. Na gane nawa har zuwa na ƙarshen ranar Juma'a. Ƙarƙashinsa akwai layi huɗu da ban rubuta ba. Na farko LS da manyan baƙaƙe, wanda inji ba ya karɓa. Na biyu haka. Na uku ls daidai. Na huɗu kuwa mv jarabawa /media/kile, baƙi da baƙi kamar misalin da ke cikin kayena.

Na daɗe ina kallonsu. Malamin lissafi ba zai buga LS har sau biyu ba, kuma in sata ya zo yi kwafa zai yi ya bar na asali a wurinsa. Wanda ya yi wannan karantawa yake yi daga takarda, da yatsa ɗaya. Na jawo aljihun tebur. Kayen yana nan, amma a kife, ni kuwa ba na kife shi. A gefen shafin umarnin akwai shatin babban yatsa, ja-ja, irin na goro.

Na rasa yadda zan tunkari mutumin da ya girmi mahaifina. Na shiga ofis ɗin direkta na gaishe shi, na ce, "Mushe, tambayoyin jarabawa ba sa cikin inji."

Bai yi mamaki ba. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa ordinatar, ya ajiye a tebur amma bai ɗauke yatsarsa daga kai ba.

"Suna nan. Na ce in riƙe nawa, in an ji wani abu a gari in san daga inda ya fito."

"Ai ba kwafa kuka yi ba, kwashe su kuka yi duka."

Sai ya ce, "A kayenki an rubuta kai wani wuri."

"Haka ne. Amma da kun tambaye ni."

"Da na tambaye ki, da kin san ina dubawa."

A nan na fahimci cewa tun bara ni yake zargi. Ban yi kuka ba, ko da yake na ji yana zuwa. Muka dawo buro tare, na soka kilen, na buga cp ina faɗa masa ma'anar kowane baƙi, yana tsaye a bayana. Dosiyen ya dawo cikakke. Ya zare kilensa ya mayar aljihu, bai ce in yi haƙuri ba.

Da aka tashi na sami malamin lissafi ƙarƙashin dogon yaro yana ƙoƙarin tayar da motonsa. Na gaya masa duk abin da ya faru, har da abin da na zata game da shi. Ya ce ai ya gane tun ranar Litinin, kuma abin ya yi masa ciwo, don bai san laifin da ya yi ba. Ya ce in sa wa injin kalmar sirri da passwd. Na kai maganar wurin direkta, ya ce ya yarda in zan rubuta masa ita a takarda, sai na bar zancen.

Aka yi jarabawa, tambaya ko ɗaya ba ta fita ba. Ta bara kuwa har na bar aikin ban san wanda ya fitar da ita ba, ko ma ta fita da gaske. Na ƙara shekara huɗu tare da direkta, muna gaisawa da mutunci, ya zo sunan ɗiyata har da turmin atamfa. Malamin lissafi ya nemi canji ya koma Maradi a shekarar da ta biyo, ya ce saboda iyalinsa ne, ban kuma tambaye shi ko akwai wani dalili ba.