Muryar Da Na Sauke A Bakin Ruwan Wara

Jama'a, wannan abu da ni ya faru, wallahi ba ji na yi a bakin wani ba. Lokacin ina koyar da tarihi a wata sakandare ta jeka-ka-dawo a Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, shekarun baya.

Darasin da ke gabana shi ne laifi da hukunci a zamanin da, kuma ni ba na son in tsaya ina karanta wa yara littafi suna hamma, na fi son su ji abin daga tushe. To sabis a makarantarmu sai addu'a, don haka bayan la'asar nakan gangara bakin ruwa inda jirage ke tsayawa, in zauna kan wani kifaffen kwalekwale in yi ta lalube a intanet. Na Turawa kam ga su birjik, shari'o'in kotunansu na ɗaruruwan shekaru an ɗauki hotonsu an zuba, wanda aka rataye kan satar riga, wadda aka yi wa bulala a kasuwa, amma namu shiru. Sai ran nan, a shafin wata jami'a ta ƙasar waje, na ci karo da muryoyin tsofaffi da aka naɗa kafin ruwan dam ya cinye garuruwan bakin kogin Kwara, na sauke guda.

Wani tsoho ne yana faɗin abin da ya ji gun kakanninsa, wai idan an tuhumi mutum da kwashe kifi a tarun wani ya ƙi amsawa, sai a ɗaure shi hannu da ƙafa cikin kwalekwale, a tura shi tsakiyar ruwa, in ruwa ya maido shi gaɓa ya kuɓuta. Na saurara har ƙarshe, bai ambaci sunan kowa ba.

Washegari da hantsi na kunna wa 'yan aji da ƙaramar sifika. Komai daidai, har aka zo wajen tura kwalekwalen, sai tsohon ya yi tari, aka fara jin ruwa yana bugun katako. Ni dai na san jiya babu wannan. Can sai ya kira wani suna na namiji, ya ce, “Shi anka ɗaure. Ga jininshi nan zamne bakin taga.”

Duk ajin suka waiwaya. Yarinyar da ke bakin taga, bari in kira ta Asabe, mai shiru-shiru ce, ɗiyar wani masunci. Ta haɗe hannuwanta biyu a kan tebur, ƙarƙashin bencinta kuwa siminti ya jiƙe sharkaf, ga ƙarnin kogi, alhali rani ake. A hankali ta ce, “Malam, igiyar ta matse ni.”

Na yi maza na laluba wayar, tsohon yana cewa, “Amma gaskiyar abin da ya faru da tarun nan…” na kashe. Nan take Asabe ta sulale ƙasa. Malamai mata suka ɗauke ta, kuma na ga wuyan hannunta da idona, shatin igiya ne ja-wur.

Ta farfaɗo ba ta tuna komai ba. Shugaban makaranta ya wanke ni tas, domin lokaci ne da iyaye ke neman dalili kaɗan su janye 'ya'yansu mata daga karatu, ni kuma na sallama cewa aikina ya tafi. Da yamma mahaifinta ya zo, na yi zaton faɗa ne, sai ya zauna ya ce sunan da tsohon ya kira na kakan kakansa ne, ruwa bai maido shi ba, kuma tun daga nan ba a kiran sunan a gidansu, yarinyar ba ta taɓa jinsa ba.

“Malam, mi tsohon ya ce? Kakanmu ya kwashe kifin ko bai kwashe ba?”

Na ce, “Baba, ban bari ya ƙarasa ba.”

Ya ce in sake kunnawa. Muka saurara mu biyu, labarin jiya ne kawai, babu suna, babu tari. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya ce yarinyar za ta ci gaba da zuwa makaranta, amma yadda ya dube ni kafin ya fita, har gobe ina jin nauyinsa.

Muryar tana nan a tsohuwar wayata, na kasa gogewa, na kasa kunnawa. Abin da ke tayar mini da tsikar jiki shi ne, duk sanda na duba sai in ga tsawonta ya ƙaru, kamar har yanzu tsohon magana yake yi.

Don Allah malamai 'yan'uwana, duk abin da za ku sauke na mutanen da suka riga mu gidan gaskiya, ku yi musu addu'a tukuna, kuma ku san 'ya'yan wa ke zaune a gabanku kafin ku kunna.