Rijiyar da Muka Ɗora wa Laifi

Baba manomin masara ne a Yako, amma ban taɓa ganin ya gatsa gasasshiya ba. Goro ma sai ya goga shi a magogi kafin ya zuba a baki. Ƙannensa maza haka suke, gwaggonmu ma haka. Dasashi ya kumbura, asuwaki ya fito da jini, haƙori ya fara girgiɗa, wata rana kawai ya faɗo cikin tuwo, ko zafi babu.

Da aka rasa dalili, sai aka ce rijiyar tsakar gida ce, wai ruwanta zartsi ne, yana cin baki. Baba ya sa aka jera mata itace aka rufe da ƙasa, rijiyar da mahaifinsa ya haƙa da hannunsa. Mu yara muka koma jidon ruwa daga bayan gari, muna tafe muna tsine mata. Abin da ke ba ni haushi har yau, ba wanda ya waiwaya ya dubi Inna. Daga Ɗansoshiya aka auro ta, ta sha ruwan nan shekara da shekaru, amma da haƙori take ɓare rake tana hira. Haba! A gabanmu take fa, kullum.

Da aka kai ni aure Tudun Wada, na ga ruwan burtsatse muke sha, na ce to, ni dai na tsira. Ashe da sauran magana. Ina goyon ɗana na uku na fara tofar da jini in na goge baki. Maƙwabta suka ce haihuwa ce, zai wuce. Na yi ta kurkura ruwan gishiri, ina danna kanumfari. Sai da haƙoran gabana na ƙasa suka fita sannan na je asibiti.

Likitan haƙori ya daɗe yana duba bakina, sannan ya ce, "Hajiya, a gidanku akwai mai irin wannan?"

Na ce, "Kusan kowa, amma mu rijiya ce ta cuce mu."

Bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Tambaya ya yi: su wa suka rasa haƙora, su wa suka tsira? Ina lissafa masa ina jin kunya na rufe ni, domin duk waɗanda abin ya ci jinin Baba ne, matan da aka auro kuwa lafiyarsu lau. Ya ce dattin da ke maƙalewa a gindin haƙori shi ke tayar da ciwon, amma wani dasashin ya fi wani saurin karaya, wannan raunin kuwa yakan bi jini. Mai irinsa sai ya fi kowa kula, kuma ya zo da wuri.

Ni kam na makara. Tunanina sai ya koma kan babbar 'yata. Yarinyar nan Baba ce sak, goshin, tafiyar, har saurin fushin, kuma da alfahari nake faɗa. Ban taɓa tunanin kamanni na zuwa da wani kaya a bayansa ba.

Wata la'asar tana shan rake a ƙofar ɗaki, na ga ja-ja a jikin abin da ta tofar. Wallahi ban ji tsoro irin wannan ba ko lokacin da nawa ke zuba. Washegari na hana ta makaranta, muka nufi asibiti. Aka wanke mata haƙora, aka nuna mata yadda za ta riƙa goge su. Likita ya ce an zo a kan lokaci, in ta dage tana iya tsufa da abinta, amma alkawari kam bai yi mana ba.

Muna tsaye bakin titi muna jiran mota, ta ƙura wa bakina ido. Can ta ce, "Umma, nawa ma za su zube kamar naki?"

Na ce mata in Allah ya yarda ba za su zube ba. Na so in yi mata murmushi don hankalinta ya kwanta, sai na ji hannuna ya riga ni, ya ja mayafi ya rufe bakina.