Turakun Kakana a Bakin Teku

Jiya motar asibitinmu ta bi ta gefen maƙabartar Al-Oud a nan Riyadh. Busassun kaburburan suka tuna mini da kakana, wakilin Hausawa a majalisar ƙaramar hukumarmu ta bakin teku.

Duk ƙarshen damina yakan kafa turke inda ruwan teku ya tsaya, ya ƙirga taku zuwa maƙabartarmu. Wata shekara na raka shi, iska mai gishiri tana kaɗa rawaninsa. Ya ce, "Amarya, teku ba ta zuwa taronmu, amma ita ke yanke hukunci." Har ya rasu yana roƙon majalisa ta gina shingen tare ruwan.

A kaset ɗin da Inna ta aiko, ta ce saura taku bakwai ruwa ya kai kabarinsa.

Ya Allah, Kai Ka yi wa teku iyaka. Ka tsayar da ita kafin ta taɓa shi.