Gogen Surukina a Takardar Rediyo

Har yau ban manta da Talatar da mutumin Yamai ya shigo sitidiyonmu ba. Cikin damina ne, shekarata ta biyu da fara aiki a wani ƙaramin gidan rediyo na Dogon Dutsi. Ni ke gabatar da shirin mata na hantsi. Karatuna na lakwal a aji biyar ya tsaya, shi ya sa duk takardar da aka miƙo mini sai gabana ya faɗi. Ranar kuma ɗiyata Nana na goye a bayana da zafin jiki na haƙori, hankalina rabi a aiki, rabi a kanta.

Ku sababbin shiga aikin rediyo, bari in yi muku bayanin fish tukuna. Gidan rediyo ba ya sa waƙar mutane haka kawai. Yana biyan ofishin kare haƙƙin mawaƙa da ke Yamai. Mu kuma duk waƙar da muka sa, sai mu rubuta a takardar da ake kira fish: sunan waƙa, sunan mai ita, minti nawa ta yi. Wanda ya sa waƙar shi ke ɗaukar bik, wato alƙalami, ya cika da hannunsa, ya yi sinye, wato ya sa hannu. Ƙarshen wata dirakta ya buga tambari, a aika. Da takardun nan ake sanin wa za a ba rabo. In aka rubuta "gargajiya", ma'anarsa waƙar ba ta da wani mai ita da aka sani.

Da kiɗan goge nake buɗe shirina kullum, wani kiɗa na masussuka. Mahaifin mijina ne ya ƙaga shi, shi ne kuma a cikin kaset ɗin da Idi tekinisiyen ya juye a na'ura. Yana nan da ransa a Matankari. To ni yaya zan kama sunan surukina? Ban taɓa faɗinsa ba, ko 'yar wasa ba na yi da mai irin sunan. Sai na riƙa sa "gargajiya". Na ce a raina ai tsohon kiɗa ne, ban yi ƙarya ba.

Mutumin Yamai ya zo duba fish ne. Yana tsaye bayan gilashi ya ji gogen, ya tambayi Idi na wane ne. Idi da bakinsa ba ya zama rufe ya ce, "Ai ga matar ɗansa nan zaune."

Ina fitowa aka ce dirakta na kira. Na tarar da takarduna a baje kan tebur.

"Madam Rabi," in ji baƙon, "mai kiɗan nan ya mutu ne?"

"Yana raye."

"Shi ya ƙaga?"

"Shi ne."

"To don mi kika mai da shi ba kowa ba?"

Na ci gaba da jijjiga Nana. Dirakta ya yi dariya, ya dubi baƙon ya ce, "Mushe, ranka ya daɗe, surukinta ne. Nan Arewa ko ka kai ta jandarmeri ba ta faɗi."

Baƙon bai yi dariya ba. Ya ce Juma'a zai koma, kuma da komawarsa za a rufe rabon bana. In ban gyara fish ɗin da hannuna ba, kiɗan zai shiga rajista a matsayin mara mai shi, kuma fitar da shi daga can ba ƙaramin aiki ba ne. Ya ce a kawo masa katin shaidar tsohon da hotuna. Ya ƙara da cewa ya kamata a riƙa ambaton mai kiɗa a iska.

Na roƙi Idi ya rubuta mini. Ya ce, "Rubutuna da naki ko makaho ya bambanta. Kina so a kore mu tare?"

Yinin nan ban ci abin kirki ba. In zauna, in tashi, in taɓa goshin Nana, in koma in buɗe fish in rufe. Mijina ɗan kasuwa ne, yana cikin masu ganin goge bai dace ba, ba ya ma son a ta da zancen. Ban gaya masa ba. Na ce dai zan kai Nana ta gaida kakanta.

Laraba da safe na shiga motar Matankari. Na iske Baba a ƙofar gida yana gyaran hauya. Na durƙusa daga nesa, na kau da kai, na yi ta kewaye-kewaye kafin in kai ga magana. Ya bar ni har na gama.

"Ɗiyata," ya ce, "ashe kunya ce?"

Na ce e.

Ya ajiye hauyar. "Kullum ina ji a rediyo. Kowane mawaƙi ki faɗi sunanai, ni ki wuce. Na aza ke ma ƙyamar gogen kike, kamar mijinki."

Wallahi sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara biyu ina ganin girmama shi nake, shi yana zaune da wannan a ransa.

Ya shiga ɗaki ya fito da katinsa da hotuna a cikin leda, ya ajiye a kan tabarma tsakaninmu. "Tahi ki rubuta. Bik ba shi da baki, babu wanda zai ji."

Alhamis gaba ɗaya na yi ta a biro, wato ofishinmu. Layi bayan layi ina soke "gargajiya", ina kwafar sunan daga katin. Na farko sai da bik ɗin ya huda takardar. Idi na wucewa yana cewa, "Sannu malama, a hankali kar ya ƙone ki." Baƙon ya duba, ya karɓa, ya sa a jaka.

Litinin da gogen ya ƙare na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Na ce, "Kiɗan da kuka ji na mahaifin maigidana ne, mai goge na Matankari." Na dubi Idi ta gilashi. Ya jawo makirfo ya faɗi sunan, cikakke, sau biyu. Haka muke yi har yanzu, kuma ko a wannan takardar kun ga ban rubuta shi ba.

Abin da na koya shi ne, a wannan aikin layin da ka cika da sauri don ka huta, mutum ne a bayansa, kuma wataƙila yana zaune da rediyo a kunne. Kafin ku rubuta "gargajiya", ku tashi ku tambaya ko mai ita yana numfashi.