Farar Chiang Mai

Shekarar da na tafi Thailand, Kawu ya riga ya daina cin abinci. Ƙanin mahaifiyata ne. Ya bar Maradi tun ban zo duniya ba, ya yi aikin ƙarfi har ƙarfin ya ƙare, ya zauna a wani dogon bene a Rillieux-la-Pape, a gefen birnin Lyon na Faransa, shi da matarsa, wadda nake kira Inna. Ciwon ciki ne ya kwantar da shi, maganin da ake ba shi kuma ya kashe masa baki. Inna ta sha zuwa shagunan 'yan Afirka a unguwar Guillotière ta sayo kuka da daddawa, ta tuƙa tuwo mai laushi, ya kai loma ɗaya ya ture kwanon. Likita ya ce in bai ci ba, jikinsa ba zai ɗauki maganin ba.

Ni kuwa ɗalibi ne a Lyon. Tun kafin ciwon ya yi tsanani na yanki tikiti mai arha, irin wanda ba a mayarwa. Na je yi masa sallama da jakata goye a baya.

“Wa ka sani can?” in ji shi.

“Ba kowa, Kawu.”

“To me za ka saro?”

“Gani kawai zan je yi.”

Ya dubi jakar, ya dube ni. “Vraiment, yaran yanzu! Mu neman abinci ya raba mu da gida. Kai ka ƙoshi, za ka yawon banza da kaya kamar ɗan koli.” Na ji zafin maganar, amma na fi jin zafin yadda wuyansa ya rame.

A Chiang Mai na sauka a masaukin 'yan jaka, ɗaki ɗaya gadaje a kan gadaje, Turawa na minshari da yaruka daban-daban. Yawancin yawona da ƙafa na yi shi. In na gaji sai in haye jar a-kori-kura da mutanen gari ke shiga, mu matsu kamar masu zuwa cin kasuwar ƙauye. Na gano wani masallaci, a bayansa ana sayar da taliya da romon kaza, nan ya zama gidan cin abincina. Na ga ɗakunan ibadar 'yan addinin Buddha masu rufin zinariya, ruwan sama ya yi mini duka, sauro ya gaishe ni gaisuwar sani. Na ji daɗin garin ƙwarai, amma duk kwanon da na cinye sai na tuna wanda Kawu ya ture.

Ana gobe zan taso, da la'asar, na shiga kasuwa neman tsaraba, don ba na komawa hannu rabbana ko da jakar ba ta da wuri. Sai hancina ya tsayar da ni. Wata dattijuwa ce zaune gaban faranti, ta tula fara soyayyiya, ja jawur. Fara! Turawa sun kewaye ta suna ɗaukar hoto suna yatsina fuska. Na kutsa, na ɗauki ɗaya, na fige fiffike da ƙafafu, na jefa a baki. Matar ta tafa hannu tana dariya, ta gane ba yau na fara ba. Ni kuwa hawaye ne ya cika mini ido, don rabona da fara tun ƙofar makarantarmu a Maradi. Ba mu jin yaren juna, amma da ta auna mini ta ƙara gyara, har da dafa mini kafaɗa.

Na ƙulle ta a leda cikin leda, na cusa tsakanin riguna. Da na sauka Paris na yi ta fargabar kada 'yan kwastan su ƙwace ta, sai da na ga na zauna a jirgin ƙasan Lyon na sauke ajiyar zuciya.

Na tarar da Kawu ya ƙara zubewa. Inna ta yi mini sannu da zuwa a hankali, idonta ya faɗa. Na kwance ledar a gabansa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya, ya fige fiffike, ya tauna.

“Wannan ba ta ci gero ba,” in ji shi. “Shinkafa ta ci, shi ya sa ba ta da mai.”

Ya ɗauki ta biyu. “Kuma ba su iya yaji ba.” Ya ɗauki ta uku, ya juya wajen Inna. “Hajiya, ina yajin nan naki na ƙuli-ƙuli? Ki dama mini ɗan kunu kuma, abin nan ba ya tafiya shi kaɗai.”

Inna ta miƙe da sauri har ɗankwalinta na zamewa. Daga madafa muna jin ta tana kuka tana neman ludayi. Kawu ya yi kamar bai ji ba. Ya jawo ledar kusa da shi, ya leƙa ya ga abin da ya rage, ya ɗago kai.

“Kai, ɗan nan,” ya ce, “yaushe za ka koma yawon banzan?”