Marin da Aka Sa wa Autanmu

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan na kawar da kai daga gare su, amma ranar da na je ɗauko ƙanena daga gidan mari ba za ta taɓa fita daga raina ba. Shekaru sun ja, furfura ta fara leƙo ni, amma har yau in na ji maƙeri yana dukan ƙarfe sai jikina ya yi sanyi.

Shi ne autanmu, kuma Auta kowa yake kiran sa a ƙauyenmu da ke kusa da Ɗanzomo. Tun yana ƙarami muka gane ba kamar sauran yara yake ba. Ba ya kallon mutum ido cikin ido, kuma maganarsa ba ta wuce "ruwa" da "Inna" da "Yaya", wato ni. In an tayar da injin niƙa a maƙwabta sai ya toshe kunnuwa ya yi ta ihu. Abu biyu ne ke sanyaya masa rai: wata 'yar waƙa marar kalmomi da yake yi a maƙogwaro tun safe har yamma, da kuma tafiya. Kai, Auta akwai tafiya! In garken shanu ya gifta ta bayan gari za a kai kasuwar Maigatari, sai ya bi bayansu yana waƙarsa yana kaɗa hannuwa. Fulanin duk sun san shi, sau da yawa ma su ke juyo mana da shi. A lokacin ba mu taɓa jin kalmar galahanga, sunan da asibiti ke kiran irin lalurarsa da shi, ba. Wasu su ce iska ce, wasu su ce bakin mutane ne, mu dai mun san namu ne.

Da ya zama saurayi sai abin ya fi ƙarfin Inna. Baba ya rasu, ni ina ɗakin aurena a Gumel ina fama da keken ɗinki, ita kuma ga hawan jini ga ciwon gwiwa. Wata Alhamis ya bi shanu har cikin Maigatari. Hayaniyar kasuwa da hon ɗin manyan motoci suka ruɗa shi, wani bawan Allah ya fizgo shi daga kan titi, shi kuwa ya gartsa masa cizo. A ɗaure aka dawo da shi gida.

Baffanmu, ƙanen Baba, shi ya yanke hukunci. Ya ce, "Yau cizo, gobe kuma me? Ko sai ya tsallaka Nijar mun neme shi mun rasa?" Ya ce akwai wani malami a wani ƙauye gaba da Gagarawa da ke ajiye irinsu yana yi musu addu'a da rubutu. Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ban taɓa ganin laifinta ba, domin matar da ta yi shekaru ba ta yi barci da ido biyu a rufe ba, ba ta da sauran ƙarfin gardama.

Dokar gidan ita ce ba a zuwa dubiya sai Malam ya aiko, wai ganin uwa yana warware aiki. Aka kai shi farkon damina. Aka yi noma, aka yanke gero, aka fara kakkaɓe riɗi, ba aike. Duk lokacin da na tambayi Baffa sai ya ce, "An ce ya natsu." Ni kuwa wannan kalmar ce ta hana ni sakat, don Auta bai taɓa natsuwa ba ko a zanin goyo. Ranar nan na dama fura, na yi dambun zogale irin wanda yake so, na hau mota ban gaya wa kowa ba.

Na tarar da Malam a zaure da hantsi. Dattijo ne mai sanyin murya, ba irin mugun da na shirya wa faɗa a hanya ba, kuma shi ma gajiya ce kwance a fuskarsa. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Allah gafarta Malam, ni ce yayar yaron Ɗanzomo."

Ya ce, "Ai 'yata ba a aika ba tukuna."

Na ce, "Na sani, Malam. Amma na riga na zo, kuma ba zan koma da furar nan ba."

Ya dube ni ya dubi ƙwaryar, sannan ya miƙe ya ce in biyo shi. A tsakar gida akwai maza zaune a inuwa, kowa da mari a ƙafa, ƙarfe mai zobe biyu da gajeriyar sarƙa a tsakani. Na duba ban ga Auta ba. Malam ya ce waƙarsa tana hana sauran barci har suna dukan sa, shi ya sa aka ware shi don a kare shi. Ya buɗe wani ɗaki a ƙuryar gida, rufin kwano, ba taga sai wata 'yar kafa a sama.

Zafi da zarnin fitsari suka fara tarbata. Yana zaune a kan tabarma ya miƙe ƙafafu, ya rame, idon sawunsa duk ya yi kanta ya yi baƙi. Na ce, "Auta, Yaya ce." Ya kalli bango. Ba waƙa, ba kaɗa hannu, ba komai.

Malam ya ce, "Kin gani ko? Da aka kawo shi sai mutum uku sun riƙe shi. Yanzu ga shi, alhamdu lillahi."

Wallahi da gaskiyarsa yake faɗa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na fita na kira Baffa a waya. Na ce, "Baffa, ban taɓa yi maka musu ba. Amma ko ka ce a ba ni shi, ko ka zo ka same ni zaune a ɗakin nan tare da shi." Ya yi ta faɗa, ya ce wa zai riƙe shi, na ce ni da Inna, yadda muka saba. A ƙarshe ya ce, "Ke kika sani," ya kashe wayar.

Marin ba mai makulli ba ne, ƙusa aka doke a jikinsa, don haka sai da aka kira maƙeri. Ya ɗora ƙafar Auta a kan dutse ya shiga dukan ƙarfen da guduma. Na yi maza zan toshe masa kunnuwa, sai na ga ko gezau bai yi ba. Yaron da ƙarar injin niƙa daga nesa take sa shi birgima, ga guduma a ƙafarsa, yana kallon ƙasa. A nan ne na fashe da kuka, a gaban mazan nan duka.

Na ɗauka in mun isa gida shi ke nan. Ashe ban san komai ba. Da muka sauka daga mota sai na ga yana tafiya da 'yan gajerun taku, daidai tsawon sarƙar da aka cire. Inna ta rungume shi, ya tsaya kamar itace. Da la'asar sakaliya ya shiga wajen dabbobi ya ɗauko igiyar dabaibayin jaki, ya zo ya zauna gaban Inna, ya miƙe ƙafafu, ya ajiye mata igiyar a cinya.

Inna ta ce, "A'a, ɗan nan. An gama wannan." Ta jefar da igiyar. Ya ɗauko ya dawo da ita. Ta sake jefarwa, sai ya fara buga kansa da bango. Auta mutum ne da in ya saba da abu ba ya iya rayuwa sai da shi, kuma wannan ne abin da aka saba masa. Sai Inna ta kwance ɗankwalinta ta zagaya masa a idon sawu, ta yi ƙulli sako-sako wanda ko jariri zai warware. Nan take numfashinsa ya daidaita.

Haka ta yi ta yi kowace yamma har Allah ya karɓi ranta. Yanzu yana wurina a Gumel, kuma ni ce nake ɗaurawa. Waƙar ta dawo bayan shekaru, ƙasa-ƙasa, in ina taka keke. Tafiyar ce ba ta dawo ba. Ran Alhamis in motocin shanu suna wucewa yakan tsaya a ƙofar gida ya bi su da ido, sannan ya koma ciki da 'yan takunsa.

Abin da na koya shi ne, in an ce maka wanda ba ya iya faɗin ciwonsa ya natsu, ka je ka gani da idonka me aka kashe a cikinsa kafin ya yi shiru. Maƙeri bai yi ko rabin yini ba ya cire ƙarfen. Ni kuwa ga ni nan har yau, duk yamma, da ɗankwalin Inna a hannu.